Fomatin ko Bin Diddigi: Hanyoyi Biyu na Tayar da Kwamfutar da Abdet Ya Kayar

Duk wanda ke hulɗa da masu gyaran kwamfuta a Jega, ko da shagunan buga takardu da ke cin kasuwa da ɗaliban jami'ar Aliero, ya san tambayar da ake fara yi wa wanda ya kawo laftof ɗin da ta ƙi tashi: "Akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?" Idan ya ɗan yi jinkirin amsawa, sai injiniya ya jawo filash ɗinsa ya ce za a yi mata fomatin. Akwai kuma wasu masu gyaran da tambayarsu daban ce: "Malam, mi kay yi mata kahin ta hwara wanga abu?" In aka ce jiya da dare ta yi abdet, sai su ture filash gefe, su shiga neman abin da abdet ɗin ya taɓa. Na farko yana goge komai ya sake zubawa, na biyu yana bin diddigi har ya kama mai laifi. Kowannensu yana da hujja, kuma kowanne yana da ranar da shi ne a kan daidai.

Kafin a auna su, ya kamata a san abin da ya faɗi. A cikin kowace babbar manhaja, Windows ce ko Linux ko Android ta wayar hannu, akwai wani sashe da ake kira kanel. Shi ke raba wa sauran manhajoji wuri a ram, shi ke tsara wadda za ta yi aiki yanzu da wadda za ta jira, kuma ta hannunsa ake magana da faifan ajiya da allo da firinta da katin wayifai. Idan manhajar rubutu ta rikice, kanel yana rufe ta, sauran aiki ya ci gaba. Idan kuwa rikicin a cikin kanel ɗin ne, babu wani na sama da shi da zai shiga tsakani, don haka yakan tsayar da komai da gangan, gudun kada ya rubuta shirme a kan faifai. Wannan tsayawar ce ke fitowa a matsayin shuɗin allo a Windows, wanda Microsoft ta mayar baƙi a sababbin Windows 11 tun 2025. Kuma kanel ba shi kaɗai yake zaune a wannan matsayi ba. Tare da shi akwai direbobi, ƙananan manhajojin da kamfanonin na'urori ke rubutawa don firintarsu ko katin hotonsu ya yi aiki, kuma da yawansu suna da iko daidai da nasa. Microsoft da kanta ta rubuta cewa kashi 70 cikin 100 na irin wannan faɗuwa direbobin wasu kamfanoni ne sanadinta, kashi 10 lalacewar na'ura ce, kashi 5 laifin manhajar Microsoft ɗin ne, saura kashi 15 ba a gano dalilinsu ba. Abin da abdet ke yi shi ne ya canza kanel ya bar tsohon direba, ko ya canza direba ya bar tsohuwar na'ura, sai abin da suka shekara suna yi lafiya ya gagare su.

Hujja ta farko ta mai fomatin ita ce lokaci, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Ya san farkon aikinsa, ya san ƙarshensa. Zai sa filash, ya share faifai, ya zuba Windows, ya bi da direbobi da Office da manhajar karanta takardu, cikin awa ɗaya ko biyu ya miƙa wa mai ita. A garin da aiki ya dogara da zuwan wuta ko man janareta, sanin ƙarshen aiki kuɗi ne. Wanda ya hau mashin daga Maiyama ko wani ƙauyen Aliero yana son ya koma gida da kayansa kafin magariba, ba ya son a ce masa ya dawo jibi. Ga kuma sauƙin koyo: yaron shago zai iya ƙwarewa a fomatin cikin mako guda, ba tare da ya san ma'anar ko kalma ɗaya daga cikin abin da shuɗin allo ke rubutawa ba.

Mai bin diddigi ba zai iya yin wannan alƙawari ba. Wani lokaci minti goma ya ishe shi, wani lokaci ya wuni bai kama komai ba. Amma idan ranar tasa ce, saurinsa ya ninka na fomatin nesa ba kusa ba, domin Windows ta tanadi ƙofofin komawa baya, sai dai ba kowa ke leƙa su ba. Idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta take buɗe shafin gyara. A can akwai wurin cire abdet na baya-bayan nan, akwai wurin mayar da ita yadda take a wata rana da ta wuce, akwai kuma yanayin da allo ke kira Safe Mode, inda take tashi da 'yan direbobin da ba makawa sai da su. Idan ta tashi lafiya a wannan yanayi, an riga an san rabin amsa: laifin yana cikin abin da aka bari a waje. Idan kuma babban abdet ne, irin mai canza zubin Windows gaba ɗaya, tsohon zubin yana nan a folda mai suna Windows.old har kwana 10, ana iya komawa kansa ba tare da an rasa ko fayil ɗaya ba. Bayan kwana 10 ɗin ƙofar kan rufe, shi ya sa wanda ya ajiye laftof ɗinsa yana fata ta warke da kanta yake cutar kansa.

Inda hanyoyin suka fi rabuwa shi ne batun shaida. Kanel ba ya faɗuwa shiru. Yana rubuta sunan laifin a allo, sau da yawa har da sunan fayil ɗin da abin ya faru a cikinsa, sannan ya ajiye ɗan rahoto a folda mai suna Minidump a cikin foldar Windows. Mai bin diddigi wannan yake fara karantawa, da WinDbg ta Microsoft ko da ƙaramar manhajar BlueScreenView. Idan ya ga nvlddmkm.sys, ya san direban katin hoto na Nvidia ne. Idan ya ga suna mai farawa da Netwtw, ya san na wayifai ɗin Intel ne, sai ya mayar da tsohon direban, magana ta ƙare. Idan allo ya ce INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, hankalinsa zai koma kan hanyar da kanel ke bi ya isa faifai. Ya kuma san tarkon da ke cikin wannan karatu: sunan ntoskrnl.exe yana yawan fitowa, alhali shi ne kanel ɗin da kansa, galibi shi aka kayar, ba shi ya kayar ba. Mutanen Aliero, da suka yi suna wajen ɗori har a ƙasashen maƙwabta, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Mai ɗorin kirki sai ya lallatsa ya gano inda ƙashin ya rabu kafin ya ɗaura kara. Shi kuwa fomatin, abin da yake fara sharewa shi ne wannan rahoton. Kwamfuta za ta tashi, amma daga mai gyara har mai ita babu wanda ya san abin da ya same ta, kuma babu sauran hanyar sani.

Za a iya cewa, to mene ne amfanin sanin, tunda ta tashi? Abin da ya faru a watan Maris na 2021 ya amsa wannan, kuma ya shafi irin sana'ar da ake yi a bakin kowace makaranta. Ranar 9 ga watan Microsoft ta fitar da abdet na Windows 10 mai lamba KB5000802. Kwamfutocin da suka sauke shi suna tashi lafiya, suna aiki lafiya, amma da zarar an tura takarda zuwa wasu firintoci, musamman na Kyocera da Ricoh, sai shuɗin allo ya bayyana da rubutun APC_INDEX_MISMATCH. A ɗauka mai shagon buga takardu ne abin ya sama, ga layin ɗalibai a ƙofa. Idan aka yi masa fomatin, zai buga takardu lafiya a ranar, domin Windows ɗin da ke cikin filash ta girmi abdet ɗin. Da ya jona intanet, kwamfuta za ta sake sauke abin da ya kayar da ita, washegari a koma gidan jiya: an biya kuɗi, an rasa fayiloli, cuta tana nan. Wanda ya tambayi "yaushe ta fara, kuma me kake yi lokacin da take faɗuwa" zai cire abdet ɗaya tak, ya dakatar da saukar sababbi na 'yan kwanaki, abin da Windows ke bari a yi har mako biyar. Ranar 15 ga watan Microsoft ta fitar da gyara.

Babban misalin da duniya ta gani shi ne na ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan fayil ga manhajarsa, wadda ke aiki a cikin kanel ɗin Windows. Bai kai awa ɗaya da rabi ba suka janye shi, amma ɓarna ta riga ta auku: Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Maganin da aka bayar gajere ne: a tayar da kwamfutar a Safe Mode, a shiga foldar direbobin kamfanin, a goge fayil mai farawa da C-00000291. Da a ce fomatin kaɗai duniya ta iya, da aikin ya ninku sau da yawa. Sai dai don a yi adalci, har a wannan rana akwai ma'aikatun da suka ga ya fi musu sauƙi su sake zuba wa wasu kwamfutocin manhaja daga kwafin da suka tanada.

Wannan ya kawo mu ga filin da fomatin ba shi da abokin karawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma kowace cibiyar jarrabawa tana tara kwamfutoci fiye da 200 iri ɗaya, babu fayil ɗin kowa a cikinsu. Idan ɗaya ta faɗi ana saura kwana guda jarrabawa, wanda ya tsaya karanta rahoton kanel ɓata lokaci yake yi. A zuba mata kwafin 'yar'uwarta mai lafiya, a wuce. Haka ɗakin kwamfuta na makaranta, haka kwamfutar kafe da kowa ke hawa. Sai dai ko a nan, idan ashirin suka faɗi tare bayan abdet guda, dole wani ya zauna da ɗaya daga cikinsu ya gano dalili, in ba haka ba saura ma suna kan hanya.

Akwai wasu halaye biyu da fomatin ke da gaskiya a cikinsu, kuma duka biyun namu ne na gida. Na farko, ɗaukewar wuta ana tsakiyar abdet. Laftof 'yar gwanjo wadda batirinta ya mutu, allo yana gargaɗin kada a kashe, sai wuta ta tafi. Fayilolin kanel sun zama rabi sabo rabi tsoho, babu direba ɗaya da za a nuna wa yatsa. Wani lokaci Windows na iya warware abin da kanta, ko a gyara da umarnin da ke duba fayilolinta, amma sau da yawa sake zubawa ya fi sauri kuma ya fi tabbas. Na biyu, Windows ɗin da tun asali ba a san tushenta ba: an saukar da ita daga wani lungun intanet, an yanke mata sassa don ta yi sauƙi, an sa mata manhajar fasa lasisi, ga bairos ya yi gida. Bin diddigi a irin wannan kwamfuta wahalar banza ce, domin masu laifin sun yi yawa. Mai bin diddigin da ya san aikinsa shi ne zai fara cewa a goge, amma a zuba ta gaskiya daga shafin Microsoft, ko da yake saukar da ita zai ci data fiye da gigabait 5.

Idan kuwa na'urar ce da kanta ta lalace, hanyoyin biyu suna kaiwa ga gaskiya, sai dai ɗaya ta fi ɗaya tsada. Abdet aiki ne mai nauyi: yana wahalar da faifai, yana cika ram, yana ɗumama injin na tsawon lokaci. A zafin Maris da Afrilu na Kebbi, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun watan Janairu, na'urar da dama tana lallaɓawa ce takan sare a daidai wannan lokaci, sai a ɗora wa abdet laifin da ba nasa ba. Alamar a bayyane take ga mai karanta allo. Direba mai laifi yakan maimaita suna ɗaya a kowace faɗuwa, amma ram mai rauni yau ya kawo wannan suna, gobe wancan. Gwajin ram na dare ɗaya da manhajar MemTest86, ko cire sandar ram ɗaya a gwada da ɗaya, yana raba gardama. Mai fomatin shi ma zai gano, amma sai bayan ya goge komai, ya ga tana faɗuwa ana tsakiyar zuba sabuwa, ko mai ita ya dawo bayan mako yana faɗa.

Sai batun da ya fi kowanne zafi, wato abin da ke cikin faifan. Ɗalibin ajin ƙarshe a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, furojet ɗinsa yana kan laftof ɗaya tilo. Dillalin albasa da ke tura kaya kudu lissafin bashinsa yana can. Tambayar "akwai abu mai muhimmanci?" tana zuwa ne lokacin da mutum ya ruɗe, sai ya tuna folda ɗaya ya manta biyar. Mai fomatin mai amana yakan tayar da kwamfutar daga filash, ko ya ciro faifan ya jona a wata, ya kwafe komai tukuna, kuma da yawansu suna yin haka. Amma kwafewa tana cin lokacin nan da fomatin ke taƙama da shi, shi ya sa mai gaggawa yake tsallake ta. A tsohon faifai mai juyawa akan iya ceto wani abu bayan an goge, a sabon faifai irin SSD kuwa galibi abin da ya tafi ya tafi ke nan. Bin diddigi, a nasa ɓangaren, ba ya taɓa fayilolin mutum, ko da yake shi ma yana da katangar da yake cin karo da ita. Kwamfutoci da yawa na yanzu suna zuwa da faifai a kulle da BitLocker, kuma shafin gyara ba zai buɗe shi ba sai an kawo mabuɗi mai lambobi 48, wanda yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Wanda wani ya buɗe masa asusun a shago, bai riƙe kalmar sirri ba, ya shiga uku ta kowace hanya: ba a iya bincike, ba a iya kwafewa.

Masu amfani da Linux sun fi samun sauƙi a nan. Ubuntu da ire-irenta ba sa goge tsohon kanel idan sun zuba sabo. In sabon ya faɗi, sai a sake kunnawa, a zaɓi tsohon daga jerin GRUB da ke fitowa lokacin kunnawa, a tashi lafiya, sannan a karanta abin da kanel ya rubuta kafin faɗuwarsa da umarnin journalctl. A wayar Android kuwa, wadda ita ma kanel ɗin Linux ke cikinta, an rufe wa mai ita yawancin waɗannan ƙofofi, shi ya sa filashin, wato goge wayar a sake zuba mata manhaja, ya zama sarki a teburin masu gyaran waya, kuma ina zargin daga can ɗabi'ar ta tsallako zuwa kwamfuta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda ba laifin mai gyara kaɗai ba ne. Fomatin aiki ne da ido ke gani: allo ya zama sabo, kwamfuta ta yi sauri, mai ita ya biya da daɗin rai. Wanda ya yi minti ashirin yana karatu, ya danna wuri biyu ta tashi, sai a ce masa, "Haba injiniya, ai ba ka yi komi ba." Muddin muna biyan gumi muna ƙin biyan sani, yaran shago za su ci gaba da koyon abin da ke kawo kuɗi.

Da aka jera su haka, ga inda na tsaya. Idan faɗuwar ta biyo bayan abdet, kuma kwamfutar ta mutum ɗaya ce mai ɗauke da aikinsa, bin diddigi ne ya cancanci zuwa farko, domin fomatin ba ya hana abdet ɗin dawowa, kuma abin da ya goge ba ya komowa. Amma a sa masa iyaka. A kwafe fayiloli, a karanta abin da allo ya rubuta, a gwada Safe Mode, a cire abdet ko a mayar da direba, a gwada ram. Idan an yi waɗannan ba a kama komai ba, ko wuta ce ta yanke aiki a tsakiya, ko Windows ɗin dama ta bogi ce, to fomatin ya halatta, kuma babu abin kunya a cikinsa. A ɗakin kwamfutoci iri ɗaya kuwa, shi ne na farko.

Kai kuma mai kwamfuta, ranar da shuɗin allo ya fito maka, ka ɗauki hotonsa da wayarka kafin ya ɓace, ka tuna ranar da ta yi abdet, ka kai ta shago kafin kwana 10 su cika. Kada ka yarda a sa filash sai ka ga fayilolinka da idonka a wani faifan.